Wardina na zubar da ganye tun da damina ta zauna

Uwargida, Kano:
Assalamu alaikum. Ina da wardi uku a tukwane, irin dashen Jos da ake sayarwa a bakin titi. Tun watan Agusta ganyen ƙasa ke yin ɗigo-ɗigo baƙi, su koma ɗorawa, su zube. Na ƙara taki, shiru. Yunwa ce ko cuta?

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Cuta ce, kuma taki ba ya maganinta. Ƙwayar cutar baƙin ɗigo tana zama a busassun ganyen da suka zube, ruwan sama ya fantsamo ta sama, shi ya sa take farawa daga ƙasa. Ganye ya yi kamar awa 7 a jiƙe, ta samu shiga.

Ki tsinke duk ganyen da ya kamu, ki tattare na cikin tukunyar, ki ƙone. Kada ki zuba su cikin taki. Ki raba tukwanen iska ta riƙa ratsawa, ki sa su inda hantsi zai busar da su da wuri. Ban ruwa a gindi kawai, da safe. Sai ki nemi Mancozeb a shagon maganin gona, shi ne dai wanda masu tumatir ke fesawa. Wajen giram 2 a lita ɗaya, amma ki duba abin da ke jikin ledar. A fesa sama da ƙasan ganye duk kwana 7 zuwa 10 har ruwa ya ɗauke. Ɗigon da ya riga ya fito ba zai goge ba, sabon toho ake karewa.

Malamar Gona:
Gaskiya ne Malam. Amma 'yar'uwa, ki ɗaga tukunyar ki duba gindinta tukuna. Da yawa ramin ƙasa ya toshe, saiwa na kwana cikin ruwa tana ruɓewa, ganye ya yi ɗorawa ko babu ɗigo. Haɗin ƙasar tukunya da ke yi: kashi biyu ƙasa mai kyau, ɗaya yashi, ɗaya ruɓaɓɓen kashin shanu. Ɗanye yana ƙona saiwa, ga kiran gara.

In kuma sabon ganye ne ke yin fari-fari jijiyarsa na kore, wannan daban ne, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ruwan burtsatse mai gartsi kan jawo shi. Ki tari ruwan sama tun yana nan.

Uwargida, Kano:
Na gode. To in sassabe su yanzu ne? Sun yi tsirara.

Mai Lambu:
A'a, ki jira ƙarshen Oktoba. Yanka cikin ruwa ƙofa ce ga ruɓa. Ruwa na ɗaukewa ki goge almakashi da sifirit, ki rage kashi ɗaya bisa uku na tsawon kowane reshe. Yankan a karkace, rabin santimita sama da idon toho da ke kallon waje, don sabon reshe ya fita waje, tsakiya ta zauna a buɗe. Busasshe da wanda ya gitta kan ɗan'uwansa a cire daga tushe. Sannan ne lokacin taki: cokali ɗaya na NPK 15-15-15 a zagaye bakin tukunya, nesa da kara, a bi da ruwa. Bayan mako 6 zuwa 8 fure zai buɗe, daidai sanyin hunturu, kuma a Kano babu lokacin da yake girma da launi kamar wannan. Na bazara ƙanana ne, kwana biyu sun ƙone, sai an yi musu inuwar la'asar.

Wani abu kuma: in dashen mai aure ne, wato an haɗa reshen wardi a kan gindin wardin daji, za ki ga ƙulli a gindin kara. Reshen da ya fito ƙasa da ƙullin na uwar daji ne, yana tsawo da sauri ba fure. Ki tona ki fizge shi daga inda ya tsiro, don in kin yanke da almakashi, zai dawo biyu.