Neman shawara: ta bakin teku zan bi da keke, ko ta cikin ƙauyuka?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya keke. Na saba hawan keken kwalta mai siririyar taya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kilomita 60 ba ta gagara ta. Yanzu ina shirin zuwa hutu wani yankin karkara da ke kusa da teku, gonaki ne da 'yan tuddai marasa tsayi, hawa kaɗan gangara kaɗan. A taswira na ga hanya biyu: ɗaya ta bi gaɓar ruwa, ɗaya ta ratsa ƙauyuka kamar kilomita 8 daga teku. Raina ya fi kwantawa da ta bakin ruwa saboda kallo, kuma a tunanina kusa da teku ai ƙasa a kwance take. Farantan giyata na gaba masu haƙora 53 da 39 ne, na baya mafi girma haƙora 25, faɗin taya kuma milimita 23. Wacce za ku ba ni shawarar bi, kuma keken zai iya a yadda yake? Allah ya saka da alheri.

Tsohon mahayi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan tunanin na cewa kusa da teku ƙasa a kwance take, fara ajiye shi gefe. Wani wurin haka ne, amma a yankin tuddai sau da yawa hanyar bakin ruwa ta fi wahala. Duk wani rafi da kogi da ke yankin, teku yake nufa, kuma kowanne ya haƙa kwarinsa. Hanyar da ta bi gaɓa dole ta tsallake su ɗaya bayan ɗaya: ka gangara zuwa gada, ka hau wancan gefen, kafin numfashinka ya dawo ga wani kwarin. Babu tudu ɗaya da za ka nuna ka ce shi ne ya gajiyar da kai, tarin su ne.

Saboda haka kada ka auna hanya da kilomita kaɗai, ka duba jimillar hawan da ke cikinta. Zana hanyoyin biyu a manhajar taswirar keke irin su Komoot ko Ride with GPS ko Strava, kowacce za ta nuna maka mita nawa za ka hau. Idan kowace kilomita tana ɗauke da hawan mita 10, to kilomita 60 ɗinka hawan mita 600 ke nan, kuma mutumin da ya saba da fili zai ji shi a cinyarsa. Ka kuma duba tsinin kowane hawa. Kashi 5 cikin ɗari na nufin mita 5 sama a kowace mita 100. Kashi 3 zuwa 5 kana zaune a sirdi za ka wuce, amma gajerun hawan da ke fita daga bakin rafi sukan haura 10. Da ni ne, ranar farko kilomita 40 zan yi in ga yadda ƙafa za ta ce.

Makanikin keke:
Yallaɓai, wannan giyar taka ta 'yan tsere ce. Idan ka sa 39 a gaba 25 a baya, duk juyin feda ɗaya tayar za ta juya sau ɗaya da rabi da ɗoriya, wato kusan mita 3.3 a ƙasa. Wanda ke da 34 a gaba 32 a baya mita 2.2 yake turawa a juyi ɗaya. Kai kana danna feda kamar mai daka, shi yana juya ƙafa sau 80 a minti hankali kwance, kuma gwiwarka ce za ta biya bambancin. Mafi sauƙi ka canza farantan baya zuwa 11-28 ko 11-30 (wato ƙaramin faranti haƙora 11, babban 28 ko 30), amma a fara duba ko hannun canjin giyar na baya zai ɗauka, don mai gajeren hannu yana da iyaka. Idan an ƙara girman faranti galibi sai an sa sabuwar sarƙa mai ɗan tsayi.

Taya kuma, in firam ɗin da birkin sun ba da wuri, ka koma mai faɗin milimita 28. Hanyar ƙauye ba ta rasa faci da tsakuwa da ƙasar da tarakta ta zubar, kuma faffaɗar taya mai sassaucin iska ta fi riƙe ƙasa, ba ta jijjiga hannu.

'Yar'uwa mai doguwar tafiya:
Duk an yi maganar tudu, ba wanda ya taɓo iska, alhali a bakin teku ita ce babbar magana. Da rana ƙasa tana ɗaukar zafi da sauri fiye da ruwa. Iskar da ke kan ƙasa ta yi ɗumi ta tashi sama, sai mai sanyi ta kwararo daga teku ta maye gurbinta. A ranar da gari ya yi garau takan fara da hantsi, ta yi ƙarfi bayan azahar, ta lafa da magariba. Da dare abin yakan juya, amma ba da ƙarfi ba.

Ga abin da ya sa nake jaddadawa, Malam. Nauyin iska a jikin mai keke ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi. Idan kana kilomita 25 a awa, iska mai kilomita 15 tana tunkaro ka, jikinka iskar kilomita 40 yake tsagawa, kuma turjiyar ta haura ninki biyu da rabi na ranar da babu iska. Tudu yana da ƙarshe, kana ganin kansa. Iska kuwa tana tare da kai har gida. Kada kuma ka ce ai a dawowa za ta biya ka. Kilomita 30 a gudun 15 awa biyu ce, dawowa a gudun 30 awa ɗaya, jimilla awa uku, matsakaicin gudunka 20 ke nan. Lokacin da ka ɓata kana fama ya fi wanda ka samu tana tura ka.

Tsarin da nake bi: in masaukina yana cikin ƙasa, da sassafe nake nufar teku kafin iska ta farka, in huta can, in dawo tana bayana. In masaukin a bakin ruwa yake, abin ya juye, don dawowar yamma kai tsaye cikin iskar za ka shiga, gara ka fita da asuba ka dawo kafin rana ta take. Wannan duk a ranar da babu wata babbar iska daga wani ɓangaren ne, don haka kullum da dare ka duba hasashen yanayi, ka kula da inda za ta fito ba ƙarfinta kawai ba.

Wani ɗan ƙungiya:
Ni fa ban yarda a tsoratar da bawan Allah ba. Mutum ya yi tafiya takanas don ya ga teku, a ce masa ya ɓuya a bayan gonaki? Ka bi bakin ruwan, in ka gaji ka sauka ka tura, ba gasa kake ba.

Tsohon mahayi:
Ba hana shi muka yi ba ɗan'uwa. Amma akwai abin da taswira ba ta nunawa: a lokacin hutu duk mai mota bakin teku yake so, idonsa rabi a kan ruwa rabi a kan titi, ga masu tsayawa ba zato su buɗe ƙofa. Hanyar cikin ƙauye ta fi shiru, bishiyoyi da shingayen gona suna tare maka iska. Ka mai da ita ƙashin bayan tafiyar, sai ka riƙa leƙawa teku ta ƙananan hanyoyin da ke gangarawa can, wuri biyu ko uku, ka sha kallo ka komo. Taswirar Strava mai nuna inda mahaya suka fi bi tana taimakawa, 'yan gari ba sa yawan bin mummunar hanya.

Idan yankin yana da hanyar keke mai alamomi, ka bincika irin shimfiɗarta kafin ka dogara da ita. Da yawa an yi su ne a kan tsohon layin dogo ko gefen magudanar jiragen ruwa, shi ya sa ba su da tsinin hawa. Misali hanyar keke ta Vélodyssée a Faransa, wadda ta tashi daga Roscoff zuwa Hendaye, sama da kilomita 1,200, ta bi gefen irin wannan magudana a yankin Bretagne na ƙasar, kuma ba ko'ina ne kwalta ba. Taya 23 ba za ta ji daɗin tsakuwa ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan bi ta cikin ƙauyuka in riƙa leƙa teku. Oga makanike, na ji ana cewa iskar teku tana cin keke, gaskiya ne ko zuzutawa?

Makanikin keke:
Gaskiya ne. Iskar tana ɗauke da gishiri da laima, su ne ke kawo tsatsa a sarƙa da kusoshi da wayoyin birki. Yashi kuma yana mannewa a man sarƙa ya riƙa cin haƙoran faranti. Duk ranar da ka bi bakin ruwa ka ɗauraye keken da ruwan daɗi, ba da mai ƙarfin feshi ba don kada ya kori giris daga cikin boris, ka goge sarƙar ta bushe, ka ɗiga mai kaɗan ka share na sama. Kada ka kwana da shi a waje. Kuma ka yi hattara da yashin da iska ke tarawa a kwana, musamman a ƙarshen gangara kusa da gada: ka rage gudu tun kana miƙe, kada ka damƙe birkin gaba kana kan yashin. Ka tafi da tiyub biyu da famfo da kayan faci, don tsakanin ƙauye da ƙauye ba lallai ka sami mai gyara ba.