"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": to, hannun wa zai tanƙwara?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Jiya a taron iyaye da malamai saura kaɗan a ba hammata iska. Shugabar makaranta ta ce daga wannan zangon an hana lemon kwalba da alawa a jakar yaro, wanda aka gani da su a ƙwace. Wani uba ya miƙe ya ce shi ya haifi abinsa, shi zai faɗi abin da zai ci. Ta ce masa, "Alhaji, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ya ce ai maganar nan shi ta goya wa baya, don mai icce ke tanƙwara iccensa. Wa ya fi gaskiya?

Malam Tsoho: Wa alaikumus salam. Alhajin bai kauce ba. Tun tasowarmu uwa da uba ake faɗa wa wannan magana, ban taɓa jin an faɗa wa hukuma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nas Mai Ritaya: Allah ya gafarta Malam, ai kamfani ya riga uban kai hannu kan iccen. Yaro na kallon katun a waya, talla ta faɗo, gobe ya kwanta yana birgima a kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyin da ya wuce kima sun haura miliyan 390. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne, a 2022 kashi 20. Iyayen duniya duka ne suka sangarce a lokaci guda? Shi ya sa ƙasar Chile a 2016 ta tilasta manna baƙin tambari a gaban duk kayan da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta hana sayar da su a makarantu, ta cire hoton katun daga jikin kwalayensu.

Ɗan Adawa: Ni na goyi bayan dokar rage ƙiba ɗari bisa ɗari, amma a fara da majalisa. Mutum ya shiga ofis kamar sillen kara, kafin shekara huɗu bel ɗin mota ya kasa zagaye shi.

Direban Dare: Wannan iccen ya bushe, ranka ya daɗe, sai dai gatari.

Jikar Hajiya: Kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Tana da wani gwangwanin alawa a ƙarƙashin gado. Mama ta kafa mana doka, ita kuwa sai ta ce, "Dokar uwarku a bakin ƙofata take cire takalmi." In ka shigo sai ta matsa damtsenka da yatsa biyu, in ta ji ƙashi ranar Mama ta shiga uku. A wurinta yaro mai kumatu shi ne shaidar ana kula da shi. Ƙanena ya zama ɗan gaban goshi, har ya kai in ya hau bene sai ya tsaya yana haki, cinyoyinsa na gogar juna suna salewa. Likita ya yi magana, ta ce likita bai san daɗin jika ba.

Sai ita kanta ciwon sukari ya kama ta. Mun ɗauka za ta zubar da gwangwanin. Ina! Wuƙa ta samo. Alawa ɗaya ta raba biyu, bayan wani lokaci ta koma raba huɗu, tana miƙa maka ɗan guntu kamar ta ba ka zinariya. Mama ta ce a hana gaba ɗaya mana, ta ce, "Ke kin iya tanƙwara icce? Wanda ya danna da ƙarfi karya shi yake yi."

Maman Biyu: Allah sarki. To ƙanen naki fa?

Jikar Hajiya: Ya gano inda take ɓoye sauran guntayen, Anti.

Lauyan Gida: Allah ya jiƙan Hajiya, wallahi abin da Ingila ta yi ke nan a 2018. Ba ta hana kowa sha ba. Haraji ta ɗora wa masu yin lemon, daga giram 5 na sukari a kowane mililita 100, ya ƙaru in ya kai giram 8. Kamfanoni da yawa suka rage sukarin da kansu don su tsira. Meziko kuwa a 2014 ta sa harajin peso ɗaya, kuɗin ƙasar, a kan kowace litar lemo. Ka ga a nan kamfanin aka tanƙwara.

Malam Tsoho: To kamfani ɗanyen icce ne? Kun fitar da maganar daga gidanta. Kuma ka manta Denmak, da ta sa harajin kitse a 2011, shekara guda da 'yan kai ta janye shi, mutane na tsallaka iyaka suna sayowa.

Ɗan Adawa: Haraji dai, haraji dai. Ku faɗa musu sukari na kawo kuɗi ku gani, gobe za a kafa kwamitin yaƙi da ƙiba, a sayo wa mambobi motoci, a buɗe taro da katan-katan na lemo.

Nas Mai Ritaya: Ba kowace doka ce haraji ba. Yankin Kebek na Kanada tun 1980 ya hana talla ga yara 'yan ƙasa da shekara 13, ba a karɓi sisin kowa ba.

Malam Tsoho: Ni da ni ne shugabar, "ka ƙi naka duniya ta so shi" zan faɗa wa Alhajin. Ita ta fi dacewa.

Maman Biyu: Malam, ai da ya ce ta kira ɗansa abin ƙi, sai an kira 'yan sanda.

Direban Dare: Tambaya ɗaya nake da ita. Alawar da aka ƙwace, wa ke shanyewa? Don na ga wasu malaman suna ƙara kumatu.