Taƙaitawa: Su Waye Ke Yanke Hukunci Kan Neman Mafaka?

Ga abin da na tsinta daga muhawarar da 'yan uwa na Kaduna suka yi:

1. An yi ittifaƙi cewa a Najeriya aikin yana hannun hukumar NCFRMI mai kula da 'yan gudun hijira, baƙi da waɗanda aka raba da muhallansu, wadda dokar soja mai lamba 52 ta 1989 ta kafa. Hedikwatarta na Abuja, tana aiki tare da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

2. Matakai uku ne: rajista, ganawa da jami'i, sannan yanke hukunci. Wanda aka ƙi yana iya ɗaukaka ƙara.

3. Tafinta ne aka fi daɗewa a kansa, kuma da gaskiyarsu. Mai Fulfulde ko Faransanci ya faɗi kwanan wata, tafinta ya juya shi ba daidai ba, jami'i ya ga labarin ya saɓa, sai ya ɗauka ƙarya ce. Shawara: a karanta wa mutum bayaninsa kafin ya sa hannu. Mace kuma a ba ta jami'a da tafinta mace.

4. An rabu kan tsari. Wasu na son ofisoshi da yawa kusa da iyaka, kamar yadda BAMF, hukumar neman mafaka ta Jamus, ke da rassa. Wasu sun ce tara ƙwararru wuri guda, irin OFPRA, hukumar neman mafaka ta Faransa, ya fi hana hukunci ya bambanta.

5. Sabon jami'i kada ya yanke hukunci shi kaɗai sai babba ya duba.