Wai masauki a tsibiri ba esi, ginin gargajiya kaɗai ya isa?

Injiniya: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, in za a gina wa 'yan yawon buɗe ido masauki a tsibiri ba a buƙatar esi (na'urar sanyaya ɗaki) ko ɗaya. Ku duba Chumbe, ɗan tsibirin nan kusa da Zanzibar, ɗakuna 7 ne kacal, rufin ganyen kwakwa mai tudu sosai wanda suke kira makuti, gaban ɗakin a buɗe yana kallon teku iska na ratsawa dare da rana, kuma tun 1998 suke karɓar baƙi a haka.

Hajiya Babba: Haba Injiniya, mutum ya biya daloli ya zo ya kwana yana sharce gumi? Sauro fa?

Injiniya: Akwai gidan sauro Hajiya. Ai zafin hawa sama yake ya fice ta ƙololuwar rufin, shi yasa suke ɗaga shi.

Ɗan Damagaram: To in dai gargajiya ce a kai musu tubali da azara mana, soron kakana da tsakar rana a watan Afrilu kamar ka shiga randa wlh

Magini: A'a ƙanena, nan ka kauce. Katangar ƙasa mai kauri tana mana aiki ne saboda iskarmu busasshiya ce kuma dare na yin sanyi, sai bangon ya sha sanyin dare ya riƙe maka shi har la'asar. A bakin teku kuwa laima ce, dare da rana zafin kusan ɗaya, bangon ba inda zai samu sanyin da zai ajiye, ga ruwan sama yana zaizaye shi. Can iska ake nema ta wuce ta jikinka, ba kauri ba.

Ɗan Damagaram: Amma Baba a Lamu ta Kenya ai gidajen masu kaurin bango ne, har hukumar UNESCO ta sa garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2001

Magini: Dutsen murjani ne da farar ƙasa, ba jar ƙasa ba, kuma sun matse lunguna don inuwa sun bar tsakar gida a buɗe. Yanzu kuma wa zai bari ka fasa murjani a teku ka yi gini?

Hajiya Babba: Ni abin da ban yarda da shi ba cewa wai gargajiya ZALLA ce. Chumbe ɗin nan ba ruwan daɗi a ƙasa, ruwan sama suke tara daga rufi su tace da yashi da tsakuwa ya sauka tanki a ƙarƙashin ɗaki, wuta sola ce, banɗakin ma ba a kora ruwa taki ake mayarwa. Wannan kakan wa ya yi?

Injiniya: Na yarda an haɗa da zamani, amma esi dai babu.

Magini: Sai dai ka faɗa musu jinka ba kwano ba ce, bayan 'yan shekaru dole a sake ta, ga tsoron gobara. A sa wannan a lissafi tun farko.

Hajiya Babba: Ni dai a sa min fanka ko ta sola ce, in iskar ta ɗauke da tsakar dare wa zan kira?