Masu sanya kayan dodo a wuraren shaƙatawa, ku zo mu faɗi abin da ke cikin rigar

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina wannan aiki a wani filin wasan yara a kudancin ƙasar Amurka. Tsayina aka auna aka ɗauke ni, domin rigar ce ke zaɓar mai sa ta. Doka ta farko da aka koya mini ita ce ba a magana a cikin kaya. Ko an taka ka, ko an ja maka wutsiya, hannu kawai za ka ɗaga. Da bazara minti 20 muke yi a waje, amma kafin a cire maka kan zufa ta jiƙa ka har safa, ga shi ta ɗan ragar bakin dodon kake hangen gabanka.

Abin da ya sa na buɗe zancen nan shi ne na Disneyland da ke Anaheim a Kalifoniya. Ba can nake aiki ba, amma na bi labarin sosai. A watan Mayun 2024 masu irin aikinmu da 'yan fareti, kimanin mutum 1,700, suka samu damar kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta Actors' Equity, cikin waɗanda suka kaɗa 953 suka amince, 258 suka ƙi. Mu a wurinmu an fara raɗe-raɗin yin haka, gabana kuma yana faɗuwa. Wanda ya san aikin nan ya ba ni labarinsa.

'Yar Damagaram: Wa alaikumus salam yaya. Hutun bazara biyu na yi ina yi a Faransa lokacin ina karatu. Zafi na iya jurewa, abin da ya fi damuna shi ne kan. Mu uku muke karɓa-karɓa da kai ɗaya. Za a fesa masa magani a miƙo maka, soson ciki bai ko bushe daga zufar wani ba. Ƙuraje suka feso mini a goshi da wuya. Da na kai kuka aka ce wataƙila man shafawata ne. Kwantiragina na wata biyu ne, sai na haɗiye, don ina so a sake kirana.

Daga baya na ji cewa a 2001 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters na Disney World a Fulorida sai da suka kai maganar kamfai da sauran tufafin ciki da ake karɓa-karɓa da su teburin sulhu, kafin a yarda kowa ya riƙe nasa ya wanke a gida. Wallahi ranar na yi kuka. Ashe abin da nake jin kunyar faɗa, wasu sun rubuta shi a yarjejeniya tun ina goye. Kuma a 2023 da ma'aikatan Disneyland Paris suka yi yajin aiki suna neman ƙarin yuro 200 a wata, na ga hotunansu suna maci a cikin filin, a gaban masu ziyara.

Ɗan Tudun Wada: Ku dai kuna da wanda za ku kai wa kuka. Ni a nan gida nake sa kayan zaki a wani wurin wasan yara duk sallah. Ba minti 20, ba takarda, kuɗin yini ake ba ni da yamma. Ƙaramar sallar da ta faɗo cikin zafin Afrilu na yanke jiki na faɗi bayan azahar. Yara suka zagaye ni suna tafi, sun ɗauka wasa ne. Mai sayar da ruwa ne ya gane, ya fizge kan ya sheƙa mini ruwa. Aka biya ni rabin yini.

'Yar Damagaram: Innalillahi. Sannu ɗan'uwa. Don Allah kada ka sake fita ba mai rakiya, wanda kuka shirya alama da shi tun kafin ka sa kan.

Baban Zango: Ɗan Fagge, ƙanena, ni daga Kumasi nake, shekara tara na yi a cikin kaya a wurin da ke da ƙungiya, zan gaya maka gaskiya. Ƙuri'a ba ta ƙara maka ko sisi washegari. Ita dai tana tilasta wa kamfani ya zauna da ku, zaman kuwa yana iya cin shekara ko fiye. Kuɗin ƙungiya kuma ana cirewa daga albashi, ranar da aljihu ya bushe za ka ji zafinsa.

Amma da wuyana ya riƙe saboda nauyin kan, har hannun dama ya riƙa mutuwa, shugaban sashenmu ya so a rubuta cewa a gida na ji ciwon. Wakiliyar ƙungiya ta shiga ofis tare da ni, ta buɗe littafin da take rubuta duk ranar da na yi ƙorafi. Da wannan littafin aka biya mini asibiti, aka mayar da ni aikin rakiya wata huɗu ba a rage mini albashi ba. Don haka tun yau ka sayi littafi. Ranar da aka wuce da kai lokaci, ranar da aka ba ka jiƙaƙƙen kaya, sunan wanda ka gaya wa, rubuta duka. Kuma dokar Amurka ta hana a kori mutum don ya nemi kafa ƙungiya, hukumar kula da hulɗar ƙwadago ta NLRB ce ke sauraron irin wannan ƙarar, ko da yake shari'ar takan ja lokaci.

Ɗan Fagge: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Mu 41 ne a sashenmu, waɗanda na tabbata da su ba su wuce 12 ba. Yawancin sauran ɗalibai ne masu tafiya bayan bazara. Su ma ana ƙirga su a ƙuri'ar, ko sai ma'aikatan dindindin?