Zuwa Magangarar Ruwan Niyagara Da Hunturu: Abin Da Masu Zuwa Suka Ce

Wata baiwar Allah ce ta tambaya ko ya dace ita da ƙawarta su je Niyagara, magangarar ruwan da ke kan iyakar Amurka da Kanada, a watan Janairu. Yawancin waɗanda suka taɓa zuwa sun ce su je, amma su shirya.

An fi nanata batun feshin ruwa. Ruwan yana zubowa daga tsayin mita 57 a ɓangaren Kanada, feshinsa kuma yana daskarewa a kan hanya, ƙarafan kariya da bishiyoyi. Kyan wurin ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Don haka a sa takalmi mai kama ƙasa, rigar da ruwa ba ya ratsa ta, da safar hannu. Sanyi na zuƙe batirin waya, a riƙa ajiye ta a aljihun ciki.

Jiragen ruwan yawon buɗe ido ba sa aiki da hunturu. Ruwan kuwa ba ya tsayawa, yana ci gaba da kwarara ƙarƙashin ƙanƙara, kuma ana haska shi da fitilu masu launi kowane dare.

An yi saɓani kan ɓangaren da ya fi. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa Kanada, domin daga can ake fuskantar ruwan sosai. Tsallaka gadar Rainbow, wadda ta haɗa ƙasashen biyu, daga Amurka na buƙatar fasfo ko wata takardar shaida da aka amince da ita, da biza ga wanda ta wajaba a kansa.