Shin labari ɗaya ne wasannin masu samun saƙo daga gaibu suke maimaitawa?

Malam Habibu: Ni ra'ayina shi ne, wasannin talabijin na Amurka da ake ginawa a kan mutumin da yake samun umarni daga gaibu labari ɗaya ne ake ta sauya masa riga. A Early Edition, wanda tashar CBS ta fara nunawa a 1996, wani mutum ne a birnin Shikago yake samun jaridar gobe tun yau. A Tru Calling na 2003, gawa ce take neman taimakon ma'aikaciyar ɗakin ajiye gawa, sai ranar ta sake maimaita kanta. A Medium na 2005, mafarki ne yake nuna wa jarumar abin da ya faru. Ko'ina saƙon yana zuwa a dunƙule, jarumin ya yi gardama, daga ƙarshe ya ceci wanda bai sani ba.

Hajiya Rabi: Malam, ƙashin labarin ka duba, ka bar naman. Ka ɗauki Joan of Arcadia na 2003 da Wonderfalls na 2004, waɗanda aka fi cewa sun yi kama saboda dukansu budurwa ce take jin umarni. A na farko an fito fili an ce daga Ubangiji saƙon yake, har ana nuna shi cikin siffar mutane, abin da ni ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma yarinyar tana iya tambaya a ba ta amsa. A na biyu kuwa, 'yan gumakan dabbobi ne suke magana da mai aiki a kantin tsaraba kusa da magangarar ruwa ta Niagara, kuma har wasan ya ƙare ba a faɗi wanda yake bayansu ba. Wanda ya san mai aikensa biyayya yake koyo, wanda bai sani ba kuwa tsoron hauka ne yake cinsa, kuma wannan ba labari ɗaya ba ne.

Malam Habibu: Hajiya, maganar haukan da kika kawo ai ni ta ƙarfafa. A ƙarshen zangon farko na Joan of Arcadia likitoci sun gano yarinyar tana da cutar Lyme, wadda ake ɗauka ta cizon kaska, aka buɗe ƙofar cewa wataƙila duk gane-gane ne na rashin lafiya. A Eli Stone na 2008 ma lauyan da yake ganin wahayi yana da kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Me ya sa kullum sai an ajiye likita a gefe?

Malam Nura: Saboda tashoshin suna son mai imani da marar imani su zauna su kalla tare, don haka ake bar wa kowa hanyar fassara. Yaya Habibu, kamannin da kake gani gaskiya ne, amma tsarin wasan mako-mako ne ya haife shi, ba satar fasaha ba. Marubuci yana buƙatar dalilin da zai haɗa jaruminsa da sabon mutum mai matsala kowane mako, a warware cikin kusan minti 40. Ɗan sanda da likita aikinsu ne yake kawo musu mutane, amma ɗalibar sakandare ko mai tsaron kanti ba su da wannan, sai a ba su saƙon gaibu.

Hajiya Rabi: Na yarda da rabin maganarka, Malam Nura. Amma in tsarin ne kaɗai, me ya sa Medium ya kai 2011, alhali tashar Fox ta dakatar da Wonderfalls bayan kashi 4 kacal? Ina ganin masu kallo sun fi natsuwa da gaibun da yake taimaka wa masu bincike su kama mai laifi, a kan gaibun da yake ba da umarni ba tare da ya bayyana kansa ba.